Taki ya yi tsada, mu kuma muna ƙona kara: me ƙananan halittun ƙasa za su iya yi mana?

Duk manomin da ya sayi taki a 'yan shekarun nan ba sai an ba shi labari ba. A 2017, ƙarƙashin shirin takin shugaban ƙasa da aka ƙulla da Maroko, farashin gwamnati na buhun kamfa naira 5,500 ne. Yaƙin Rasha da Yukiren ya girgiza kasuwar taki ta duniya a 2022, sai ga cire tallafin man fetur da sakin naira a 2023, buhu ya yi ta hawa har ya wuce naira 30,000. Kamfanin takin Dangote da aka buɗe a Lekki cikin Maris 2022 yana da ƙarfin yin yuriya tan miliyan 3 a shekara, amma yuriya kayan kasuwar duniya ne, farashinta dala yake bi. Sannan a Yulin 2024 gwamnati ta ɗage haraji na kwana 150 a kan shigo da masara, shinkafa, alkama da wake, kuma a 2025 farashin hatsi ya faɗi. Manomi ya sayi taki da tsada, ya sayar da amfani da araha.

A cikin wannan halin ne kuma, da zarar kaka ta yi, za ka ga hayaƙi yana tashi daga fadamun shinkafa, ana cinna wa tattaka wuta don a samu filin alkama ko tumatir. Da bazara kuma a tara guntun kara a ƙone wajen sharar gona. A bayan injinan casa ga ɓuntu nan tsibi-tsibi yana cin wuta a hankali. Ana haka kuma 'yan talla sun fara yawo da kwalabe da ƙunshin gari, suna cewa ka fesa wa kara ya zama taki cikin 'yan kwanaki. To ina gaskiyar take? Kafin manomi ya ƙona, ko ya sayar, ko ya sayi kwalba, ya kamata ya san yadda kara yake ruɓewa, da kuma wanda yake ruɓar da shi.

Me ya sa kara yake da taurin kai?

Karan dawa, na gero, na masara da tattakar shinkafa duk gininsu ɗaya ne, abu uku ne a haɗe. Na farko selulos, wanda yake kusan kashi 30 zuwa 45 cikin ɗari na busasshen kara. Sukari ne zalla, amma an saƙa shi dogon zare mai ƙarfi. Audugar da muke nomawa kusan dukkanta selulos ce. Na biyu hemiselulos, shi ma sukari ne, ya fi laushi. Na uku lignin, wanda yake kamar siminti, ya lulluɓe sauran biyun, shi ne yake sa kara ya tsaya ƙyam iska ba ta karya shi ba.

Babu shukar da za ta iya shan abincin da ke cikin kara sai an kwance wannan ginin. Masu kwance shi su ne bakteriya da funfuna, ƙananan halittun da ido ba ya gani. Su ba su da baki ba su da haƙori. Abin da suke yi shi ne su fitar da wani sinadari da ake kira enzayim, ya fita waje ya daddatse zaren ya mai da shi sukari, su kuma su tsotse. Kowane enzayim da aikinsa, kamar mabuɗi da kwaɗonsa: mai yanka selulos daban, mai yanka hemiselulos daban. Shi kuwa lignin, masu iya fasa shi kaɗan ne, galibi irin farar funfunar nan da kake gani a jikin ruɓaɓɓen icce, dangin laimar kwaɗi, kuma ba sa aiki sai da iska.

Enzayim ba baƙo ba ne a gidajenmu. Matar da take dama kunun zaki ta zuba garin dankali ko tsiron hatsi, kunu ya tsinke ya yi zaƙi ba sukari, aikin enzayim ne. Mai daddawa da take dafa kalwa ta rufe ta kwana biyu ko uku ta yi laushi da ƙamshi, bakteriya ne suka fitar da enzayim suka yi aikin. Saniya ma da take cin ciyawa ta yi ƙiba, ba ita take narkar da selulos ba, halittun da ke cikin tumbinta ne. Mai daddawa ta san in babu ɗumi da laima da rufi, kalwa ba ta nuna. To haka kara yake.

Lissafin abin da wuta take ci

Mu ɗauki shinkafa, tunda an auna ta sosai. Tan ɗaya na busasshiyar tattaka yana ɗauke da naitirojin kilo 5 zuwa 8, fotash kilo 14 zuwa 20, da fosfet kamar kilo 2. Fiye da kashi 80 cikin ɗari na fotash ɗin da shinkafa ta sha daga ƙasa a tattaka yake tsayawa, ba ya shiga ƙwaya. Hekta ɗin da ya ba da tan 4 na shinkafa yakan bar tattaka kusan tan 4. Ke nan akwai naitirojin kilo 20 zuwa 32 a ciki, wato kimanin buhun yuriya guda, tunda buhu mai kilo 50 naitirojin kilo 23 ne a cikinsa. Fotash kuwa kilo 56 zuwa 80. Buhun kamfa 15-15-15 fotash kilo 7 da rabi ne kawai a ciki, don haka sai ka zuba kimanin buhu bakwai zuwa goma sha ɗaya kafin ka mayar da abin da tattakar hekta ɗaya ta ɗauke.

In aka ƙona, naitirojin kusan duka yana bin hayaƙi. Fotash yawancinsa yana saura a toka, kuma wannan ne ya sa wasu suke cewa ai toka ma taki ce. Gaskiya ne, amma duba inda tokar take: wuri ɗaya, inda aka yi sussuka aka tara tattaka, sauran gonar ba ta samu ba, iskar hunturu kuma ta kwashe rabonta. Babbar asarar ma ita ce jikin karan kansa, wanda da zai ruɓe ya zama baƙar ƙasa mai riƙe ruwa da taki. Ƙasarmu ta jigawa da ma can ba ta da wannan. A wurare da yawa kabon ɗin da ke cikinta bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Shi ya sa manomi zai zuba yuriya, ruwa biyu su sauka, sai ka ga kamar ba a zuba ba.

Wannan ba sabon zance ba ne ga masana. A Samaru an kafa gwajin kashin shanu da takin zamani tun 1950, a Sadore kusa da Yamai kuma cibiyar ICRISAT ta yi shekaru tana gwada barin karan gero a gona. Darasin ɗaya ne: haɗa takin zamani da kara ko kashin dabba ya fi kowannensu shi kaɗai, kuma takin zamani zalla shekara da shekaru yana sa ƙasa ta yi tsami. Taron shugabannin Afirka a Nairobi cikin Mayun 2024 ma a nan ya tsaya. Na Abuja a 2006 ya mai da hankali ne kan kai taki kilo 50 a kowane hekta, na Nairobi kuwa ya haɗa taki da lafiyar ƙasa, ya sa takin gargajiya a cikin lissafi.

Daga tantin soja zuwa masana'anta

Yadda enzayim ya zama kayan sayarwa labari ne mai ban sha'awa. A yaƙin duniya na biyu, sojojin Amurka da ke tsibiran Solomon sun ga tantunansu da kakinsu na auduga suna ruɓewa da sauri. Aka ɗauki funfunar da take cin su aka kai ɗakin binciken soja da ke Natick a jihar Massachusetts. A can Elwyn Reese da Mary Mandels suka shafe shekaru suna nazarinta, daga baya aka sa mata suna Trichoderma reesei don girmama shi. Da farko neman yadda za a kashe ta ake yi, sai aka gane cewa abin da take fitarwa dukiya ne. Har yau jikokin wannan funfunar ne ake kiwo a manyan tankuna ana tatsar enzayim mai narkar da selulos.

Yanzu wannan enzayim yana cikin garin sabulun wanki, da shi ake koɗar da wandon jins, danginsa kuma suna aiki wajen faranta takarda, tace ruwan 'ya'yan itatuwa, gyaran ƙullin burodi, da haɗa abincin kaji don kaza ta ci moriyar dusa. Babban kamfanin wannan harka, Novozymes na ƙasar Denmak, ya haɗe da Chr. Hansen a Janairun 2024 suka zama Novonesis.

Babban burin da aka sa a gaba shi ne a mai da kara ya zama man mota: a niƙa shi, a dafa da tururi don lignin ya saki, a zuba enzayim ya zama sukari, yis ya mai da shi etanol. A nan ne aka sha wuya. Masana'antar POET-DSM da aka buɗe a Emmetsburg ta jihar Iowa a 2014 don sarrafa karan masara ta dakatar da aiki a 2019. Ta DuPont, ita ma a Iowa, an buɗe ta a 2015 aka rufe a 2017. Ta Clariant a Podari ta ƙasar Romaniya, mai amfani da tattakar alkama, an rufe ta a Disambar 2023. Kimiyyar tana aiki, lissafin kuɗi ne ya ƙi: kara abu ne mai cika mota ba nauyi, tattaro shi da tsada, yana zuwa da ƙasa da yashi masu lalata inji, ga kuɗin enzayim. Inda abin ya fi tafiya shi ne Brazil, wurin kamfanin Raízen, domin tuƙar rake da ma tana nan jibge a bakin masana'antar sukari. Indiya kuma ta buɗe tata a Panipat cikin Agustan 2022, wadda aka tsara za ta ci tattakar shinkafa tan 200,000 a shekara ta fitar da etanol lita miliyan 30.

Me ya shafe mu? Abu biyu. Na ɗaya, in kamfanoni masu biliyoyin dala, da tururi da injin niƙa, sun sha wuya kafin su fasa lignin, to kwalbar da za ta narkar da busasshen karan dawa a tsakiyar rani cikin mako guda tatsuniya ce. Na biyu, sharar gona ta fara zama haja. A nan gida manyan injinan shinkafa suna ƙona ɓuntu a tukunyar tururinsu, masu kaji suna shimfiɗa shi, masu kiwon birni suna bin harawa da kara har ƙauye. Ranar da mai mota zai tsaya a bakin gonarka ya taya tattaka, ka tuna da fotash ɗin nan na buhu bakwai kafin ka ce ka sallama.

Abin da ya faru a Indiya

Matsalar manoman Punjab da Haryana ta yi kama da ta masu noman rani a Kadawa, Kura da kwarin Haɗeja: a yanke shinkafa, a shuka alkama cikin 'yan makonni, don haka wuta ce hanya mafi sauri. Hayaƙinsu yana turnuƙe birnin Delhi duk Oktoba da Nuwamba. Cibiyar binciken noma ta Indiya ta fito da wani haɗin funfuna mai suna Pusa Decomposer. Ƙwaya huɗu ake jiƙawa da mazarƙwaila da garin wake, a bar shi ya yi kwanaki ya tashi, ya zama lita 25 da za ta ishi hekta ɗaya. A 2020 gwamnatin Delhi ta fesa wa manoma kyauta.

Maganin yana aiki, amma da sharaɗi: sai an daddatse tattakar, an juya ta cikin ƙasa, an ba ta ruwa, sannan a jira kwana 20 zuwa 25. Manomin da yake tsoron alkamarsa ta makara ba shi da waɗannan kwanakin, shi ya sa da yawa suka ci gaba da ƙonawa. Ka ga ke nan ko a inda gwamnati ta raba kyauta, abin da ya yanke hukunci shi ne ruwa, inji da lokaci. Mu ma alkamarmu tana son shuka a tsakiyar Nuwamba don ta samu sanyi. Mafita a wurinmu ita ce a kwashe tattakar daga fili a tara ta a gefe ta ruɓe a can, alkama ta shiga a kan lokaci, takin kuma ya jira damina.

Kafin ka sayi kwalba

Ba a ce duk abin da ake sayarwa ƙarya ba ne. Akwai kayan ƙananan halittu da aka gwada aka tabbatar, kamar Aflasafe mai kare masara da gyaɗa daga gubar funfuna, da NoduMax na waken suya, duka daga cibiyar IITA ta Ibadan, kodayake su ba aikin ruɓar da kara suke yi ba. Haɗin Trichoderma mai rai ma yakan rage kwanakin ruɓewa in an cika sharuɗɗa. Amma ka riƙe abu uku.

Na farko, enzayim ko funfuna ba sa ƙirƙirar taki. Abin da ke cikin karan shi za su sako maka, ba ƙari. Duk wanda ya ce kwalbarsa ta maye gurbin yuriya da kamfa gaba ɗaya, ka riƙe kuɗinka. Na biyu, abu ne mai rai ko mai lalacewa. Kwalbar da ta yi wata shida a shagon kwano cikin zafin Afrilu, abin da ke ciki ya riga ya mutu. Duba ranar da aka yi, ranar ƙarewa, sunan halittar da ke ciki, lambar rajista da adireshin mai yi. Tun 2019 akwai dokar kula da ingancin taki a Najeriya, mai sayarwa ba shi da hujjar ba ka abu babu takarda. Na uku, gani ya kori ji. Yi tsibi biyu, kara ɗaya, kashi ɗaya, ruwa ɗaya, a juya su rana ɗaya. Ɗaya ka sa masa maganin, ɗayan ka barbaɗa masa shebur biyu na tsohon takin juji. Bayan mako shida ka kira 'yan ƙungiya su duba. In bambancin bai kai kuɗin kwalba ba, magana ta ƙare.

Abin da halittun suke nema a wurinka

Cokali ɗaya na ƙasa mai kyau yana ɗauke da miliyoyin waɗannan halittu, kashin shanu ma cike yake da su. Ba su ne suka yi mana ƙaranci ba. Abu huɗu suke jira.

Ruwa. Enzayim ba ya aiki a bushe. Shi ya sa karan da aka bari a gona daga Nuwamba zuwa Mayu za ka same shi yadda yake, sai abin da gara da dabbobi suka ci. Tsibin taki yana son laima kamar kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari: ka damƙa, hannunka ya jiƙe amma ruwa bai tsiyaya ba. Tan ɗaya na busasshiyar tattaka zai sha kusan lita dubu, wato jarka 40 mai lita 25, ban da ƙarin da za a yi wajen juyi. Don haka a kafa tsibi kusa da rijiya ko hanyar ruwan noman rani, a inuwa, a rufe da tsofaffin buhuna ko ciyawa. Wanda ba shi da ruwa ya sare kara ya ajiye a rami da kashin dabba, ruwan farko ya jiƙa masa.

Naitirojin. Halittun suna son kabon kashi 25 zuwa 30 a kan naitirojin kashi ɗaya. Karan hatsi kuwa yana kai 60 zuwa 80 a kan ɗaya, garin katako ya haura 200. In ka binne busasshen kara ka shuka masara a kai nan take, za su ɗebi naitirojin ɗin ƙasa su yi aikinsu da shi, masararka ta yi ɗorawa. Wannan ne ya sa wasu suka gwada sau ɗaya suka ce kara yana kashe gona. Maganinsa a haɗa da kashin shanu, na awaki ko na kaji, ko ɗanyen ganye da ragowar harawa: kamar baro uku na kara, baro ɗaya na kashi. In babu kashi, yuriya kilo 15 da aka narkar a ruwa ta ishi tan ɗaya na tattaka. Toka kuwa kaɗan ake barbaɗawa, in ta yi yawa tana korar naitirojin ya bi iska.

Sara. Lignin a bayan kara yake, kamar sulke. In ka daddatse shi tsawon yatsa, ka buɗe wa enzayim ƙofa ta ciki. Karan dawa cikakke zai iya shekara bai ruɓe ba, sararre kuwa wata biyu zuwa uku.

Iska. A yi tsibi mai faɗi da tsayi kamar mita ɗaya da rabi, kada a tattake shi. Cikin kwana uku zuwa biyar zai ɗauki zafi, ya kai digiri 55 zuwa 65, wanda yake kashe yawancin irin ciyawa da cututtuka. Soka sanda ko ƙarfe a tsakiya, ka zaro bayan ɗan lokaci: in da zafi da laima, aiki yana tafiya, in da sanyi da bushewa, ƙara ruwa, in da ɗoyi, ruwa ya yi yawa, a juya. A riƙa juyawa duk mako biyu. Ya nuna in ya yi baƙi, ya huce, yana ƙamshin ƙasar ruwan fari.

Ɓuntu shi nasa daban ne. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shinkafa shi ne, kuma yana cike da silika, abin da ke cikin yashi, ga lignin da yawa, don haka yana daɗewa ƙwarai. Gara a fara shimfiɗa shi a ɗakin kaji ko turken dabbobi ya sha kashi da fitsari, ko a babbaka shi ya zama gawayi ba toka ba, sannan a haɗa da taki. Masu shinkafa kuma kada su binne ɗanyar tattaka su cika fili da ruwa nan take. In babu iska ruɓewar tana fitar da tsami mai ƙona saiwa. A ba ta mako uku zuwa huɗu kafin dashe.

Masu ƙonawa suna da hujja ɗaya mai ƙarfi, ita ce tsutsar kara, wadda take kwana cikin karan dawa da gero duk rani ta fito da damina. Amma sara da zafin tsibi suna kashe ta, haka ma in dabba ta cinye. Abin da bai kamata ba shi ne a jingine kara a inuwa har ruwa ya sauka. Wuta-wuta da ta riga ta yi fure kam, ita a cire a ƙone, kada ta shiga tsibi.

Tumbin saniya da gidan gara

A ƙasar Hausa kara ba shara ba ne. Ana yin danga da shi, ana girki, ana ciyar da dabba, kuma cikin bazara damin harawa kuɗi ne sosai. Ba wanda zai ce ka hana ragonka abinci don ka ciyar da ƙasa. Abin lura shi ne tumbin dabba shi ne masana'antar enzayim mafi araha da muke da ita: kara ya shiga, nama da nono su fito, kashi ya koma gona. Asarar tana zuwa ne in kashin bai koma ba, ko aka bar shi a rana naitirojin ya tashi.

Ana ma iya taimaka wa tumbin. A narkar da yuriya kilo 4 a ruwa lita 60 zuwa 100, a yayyafa wa sararriyar tattaka kilo 100, a danne a rami, a rufe da leda ruf har mako uku. Wani enzayim yana mai da yuriyar ta zama iskar amoniya, ita kuma ta sassauta riƙon lignin. Dabba za ta ci da yawa ta narkar da kyau, sinadarin gina jiki kuma ya kusa ninkawa. A shanya ta sha iska kafin a bayar. Shanu, tumaki da awaki manya kaɗai ake ba. Ban da jaki, doki da 'yan maruƙa, kuma kada dabba ta kusanci ruwan yuriyar, yana kisa.

Gara ma abokiyar aiki ce a inda ruwa ya yi ƙaranci. Irin mai gina babban suri funfuna take nomawa a cikin gidanta, ta kawo mata kara, funfunar ta narkar. Manoman Yatenga a Burkina Faso, irin su marigayi Yacouba Sawadogo, sun farfaɗo da ramukan zai a kan wannan hikimar, kuma daga ƙarshen shekarun 1980 manoman Illela ta jihar Tawa a Nijar suka ɗauka da sunan tassa. A haƙa rami kamar taƙi ɗaya da rani, a zuba taki tafi ɗaya ko biyu, gara ta zo ta huda fako da ramukanta, ruwa ya samu hanya. Da takin da bai isa a watsa wa kadada ba, sai a ciyar da kowane gindi.

Aikin ƙungiya

Duk abin da muka lissafa yana yi wa mutum ɗaya nauyi, amma ƙungiya za ta iya. Injin saran kara guda ɗaya zai ishi ƙauye, ya yi aikin abincin dabba da na taki, a riƙa biyan kuɗin mai da ɗan abin gyara. Ƙungiyar masu noman rani ta ware wuri ɗaya kusa da ruwa don tsibin tattaka, a rubuta wanda ya kawo amalanke nawa, a raba taki daidai da haka. A zauna da masu kaji da masu turken shanu tun kaka a yi musayar kara da kashi, kafin bazara ta yi farashin ya tashi. Iyayenmu sun san wannan ciniki: makiyayi ya sauka a gona bayan girbi, shanu su ci kara su bar taki, a ba shi hatsi. Rashin tsaro ya raba wannan zumunci a wurare da yawa, kuma gonaki suna jin rashinsa. Inda har yanzu akwai amana, a riƙe ta da kyau.

In kamfani ya zo sayen tattaka ko kara, ƙungiya ta yi magana da murya ɗaya, ta sa kuɗin fotash a cikin farashi, kuma kada a share gona ƙarƙaf, a bar wani kaso ya rufe ƙasa. A kuma nemi malaman gona na jiha, ko na NAERLS da IAR a Zariya, ko cibiyar noman tsandauri ta Jami'ar Bayero, su zo a yi gwajin tsibi biyu a gaban kowa.

Takin tsibi ba zai kori buhu daga gona ba, masara dai sai da yuriya. Abin da zai yi shi ne ya sa buhu biyun da ka iya saye su zauna a ƙasa su yi aiki, maimakon ruwa ya wanke su. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya: takin da za a zuba a watan Yuni, a watan Fabrairu ko Maris ake kafa tsibinsa, karan da za a yi shi da shi kuwa tun ranar girbi ake hana wuta ta ci.